Mai Amsa Laifin Gidan Malam Hodi

Duk wanda ke zaune a layinmu na Nassarawa ya san Malam Hodi, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shi ke koyar da darasin tarbiyya a wata makarantar kuɗi da ke bakin titi, shi ne kuma ake ji a rediyo duk Juma'a da hantsi yana gyara wa iyaye zama kan yadda ake renon yara. Ni katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, ita ma gajeriya ce, in na tashi daga kan keken ɗinkina zan shanya kaya ina ganin tsakar gidansa tas. Don haka tarbiyyar da mutanen Birnin Kebbi ke saurare a rediyo, ni kallonta nake yi da idona, ba tare da na sayi batir ba.

Riskuwa 'yar ƙanwarsa ce. Ubanta Ummaru, manomin shinkafa daga Gulma, shi ya kawo ta da kansa, da buhun shinkafa da kwandon albasa a bayan mota. A ƙofar gida ya tsuguna gaban surukinsa, ina jin su ta taga.

"Malam, ga amana nan. Abu biyu nika so. Ta yi karatu, ta komo muna da sunanta mai kyau."

Malam Hodi ya dafa ƙirji, ya ce da Hausarsa ta rediyo, wadda ya wanke tas har babu sauran ƙamshin Gulma a jikinta, ai an kawo ta inda ya dace. Aka sa ta ajin farko na ƙaramar sakandare, aji ɗaya da ɗansa Musaddiq da 'yata Ummi.

Yarinya ce mai surutu lokacin da ta zo. In tana dariya har bakin titi ake ji. Takan taka turmi ta leƙo ta katanga tana ba Ummi labarin gulbi, yadda take nutso ta daɗe ba ta ɓullo ba har uwarta ta fara salati. Na so yarinyar nan tun ranar farko, ba zan ɓoye ba.

Da filas ɗin shayi aka fara. Musaddiq yana buga ƙwallo a tsakar gida, ƙwallo ta sami filas a kan tabarma, filas ya tarwatse. Riskuwa tana can bakin famfo hannunta cikin kumfa. Malama Asiya, matar gidan, wadda ita ma malama ce a sashen firamare na makarantar, ta fito ta dubi filas, ta dubi ɗanta, sannan ta kira Riskuwa.

"Wallahi Malama ba ni ba ta," in ji yarinyar.

Aka jira Malam ya dawo. Ya sa aka shimfiɗa masa darduma, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya yi bayani mai tsawo wanda daga baya na haddace shi saboda yawan ji. Wai a wata bita da suka yi a otal an gano cewa yaron da ake yawan tuhuma ƙwarin gwiwarsa mutuwa yake yi, don haka Musaddiq ba za a nuna shi da yatsa ba. Amma kuma laifi ba ya zama babu mai shi, in ba haka ba yaro zai ɗauka ɓarna ba ta da sakamako. Mafita ita ce a sami wanda zai amsa laifin a gabansa, ya durƙusa, ya ba da haƙuri, a hore shi, shi kuma Musaddiq ya kalla ya ɗauki darasi. Sunan tsarin koyarwa a aikace.

Ya koya mata kalmomin da bakinsa. Ba "ni ta" irin ta ƙauye ba, ya ce, a gidan ilimi "ni ce" ake cewa. Ta ƙi. Aka hana ta abincin rana, ta ƙi. Aka ce to ta haɗa kayanta, gobe a mayar da ita Gulma a gaya wa ubanta ba ta jin magana, makaranta kuma ta ƙare ke nan. A nan ta durƙusa a kan siminti mai zafi, hawaye na ɗiga, ta ce, "Ni ce, a gafarce ni." Aka sa ta tsallen kwaɗo daga famfo zuwa ƙofar kicin. Musaddiq yana zaune a kan kujera yana ɗaukar darasi yana shan lemo.

Darasi kuwa ya shige shi ƙwarai, don daga ranar ɓarnarsa ta ninku. Nama ya riƙa ɓacewa daga tukunya. Madubin babur ɗin Malam ya karye. An zuba tawada a kan farar shaddar Juma'a. Kowane ɗaya sai an shimfiɗa darduma, an kira Riskuwa. Da farko takan yi gardama kaɗan kafin ta durƙusa. Daga baya gardamar ta koma kallo kawai. Kafin a yi hutun zangon farko, da ta ji ƙarar fashewar wani abu a cikin gidan, ko tana banɗaki ne, za ta fito ta nemi wurin durƙusonta tun ba a kira ta ba.

Ranar da abin ya tsallako katanga, tantabaruna ne suka jawo. Ina tsaye ina kallo Musaddiq ya saita danƙo ya sauke mini biyu daga kan rufi. Ban gama ɗaura mayafi ba sai ga sallama. Malam Hodi ne da kansa, ya taso Riskuwa a gaba, ta zube a tsakar gidana ta ce ita ce, a gafarce ta.

Na ce, "Malam, ji tsoron Allah. Ni da idona nig ga wanda yah harbe su. Ɗiyar ga ko riƙon danƙo ba ta iya ba."

Ya yi murmushin nan da ake yi wa wanda bai je bita ba. Ya ce, "Maman Ummi, abin da ido ke gani daban, abin da ilimi ke gani daban." Ya ci gaba da cewa ita yarinyar riba take ci, tana koyon tawali'u, tana tara lada, kuma gobe in ta je gidan miji ba za ta sha wahalar ba da haƙuri ba. 'Ya'yan ƙauye kuma, in ji shi, Allah ya yi su da juriya, abin da zai karya zuciyar ɗan birni su ko a jikinsu. Da na ɗaga murya sai ya tuna mini, cikin ladabi, cewa Ummi ɗalibarsa ce, kuma yana yi mata kallon 'yarsa.

Na tari Malama Asiya washegari a wurin mai markaɗe. Ita ba ta da dogon bayani. Ta ce suna ciyar da yarinya, suna tufatar da ita, makarantar da ubanta ko a mafarki ba zai iya sa ta ba tana zuwa albarkacinsu. In ɗan durƙuso ne ya yi mata yawa, motar Gulma kullum tana tasha.

Sai abin ya bi Riskuwa makaranta. Wata safiya a taron ɗalibai Malam Hodi ya kira ta gaba, ya nuna ta ga kowa a matsayin misalin ɗaliba mai gaskiya, wadda ba ta taɓa ɓoye kuskurenta. Yara ba su da wauta. Kafin sati ya zagayo duk ajin sun gane an kawo musu sauƙi. Wanda ya fasa gilashin taga, wanda ya zana kan jaki a allo ya rubuta sunan malamin lissafi, wadda ta cinye abincin wata, duk sai su juya su kalli Riskuwa, ita kuma ta miƙe. Malamai suka ji daɗin tsarin fiye da kowa, don binciken da a da yake cinye rabin darasi yanzu kafin a ajiye alli an gama shi. Suka yi ta yaba wa Malam Hodi a ɗakin malamai. Yara kuwa suka daina kiran ta da sunanta, suka koma kiran ta Ni Ce.

Ranar raba kyaututtuka aka kira ta gaban iyaye aka ba ta kyautar ɗalibar da ta fi kowa amsa laifi. Bokitin roba ne shuɗi. Aka tafa mata sosai, iyayen nan kuma da suka tafa su ne suka ja 'ya'yansu gefe suka ce su riƙa ɓoye jakunkunansu in tana kusa. Bokitin ya dawo gida, da shi ta ci gaba da ɗebo musu ruwa duk ranar da famfo ya ɗauke.

Da aka yanke shinkafar rani Ummaru ya zo da wani buhun. Malam Hodi ya zaunar da shi ya lissafa masa laifuffukan 'yarsa ɗaya bayan ɗaya, tun daga filas har tagar makaranta, sannan ya ce kada ya damu, abin farin ciki shi ne tana amsawa, kuma ana kan gyara. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya kira ta zaure ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ina daga ƙofata ina ganin su. Ta buɗe baki, na rantse da Allah na ga maganar ta taho har leɓenta, sai Malam ya yi gyaran murya daga cikin gida. Ta durƙusa. Ummaru ya yi mata faɗa ƙasa-ƙasa, ya ce ta tuna ita kaɗai ce mace a gidansu da ta taka sakandare, kada ta ja a kore ta. Ya yi wa Malam godiya har da riƙe hannu biyu, ya tafi.

Daga nan ta daina hawa turmi. Dariyar nan da ake ji har titi ban sake jin ta ba. In na miƙa mata ƙosai ta katanga sai ta karɓa ta ce a gafarce ta.

Gab da hutun damina makarantar ta shirya yawon buɗe ido zuwa Argungu, a nuna wa yara gulbin da ake bikin kamun kifi. Abin da ya faru a can ban gani ba, Ummi ce ta gani, tana tsaye kusa da su. Ruwa ya fara cikowa, ja wur, yana gudu. Wata ƙaramar yarinya 'yar firamare mai suna Ummu Hani ta matsa bakin gaɓa tana kallon wani jirgin masunta. Musaddiq ya lallaɓo ta baya ya tura ta da hannu biyu, don kawai ya ga yadda za ta yi. Ta faɗa, ruwa ya ja ta.

Malamai suka yi ta salati suna zagaye a wuri ɗaya, kowa yana riƙe da wayarsa kada ta jiƙe. Riskuwa ce ta cire hijabi ta faɗa ruwan. Ta nutse, ta ɓullo can ƙasa da wuyan rigar yarinyar a hannunta, masunta suka kawo jirgi suka tsamo su. Aka danna cikin Ummu Hani ta amayar da ruwa ta fashe da kuka, tana cewa wani ne ya turo ta ta baya.

Shugaban makaranta ya tambaya wane ne. Sai kawuna suka fara juyawa inda suka saba juyawa. Riskuwa tana zaune a ƙasa tana haki, ruwa na tsiyaya daga kitsonta. Malam Hodi ya yi gyaran murya. Ta juya ta kafa gwiwoyinta a cikin laka.

"Ni ce, a gafarce ni."

Wani dattijo cikin masuntan ya ce shi bai gane ba, ina aka taɓa tura mutum ruwa kuma a bi shi da rai a ciro shi? Malam Hodi ya yi masa bayani cewa wannan shi ne amfanin tarbiyya, nadama nan take. Dattijon ya dube shi, ya dubi yarinyar, ya tura jirginsa ya koma ruwa.

Uban Ummu Hani ɗan kwangila ne mai faɗa a ji, ya ce ko a kori wadda ta yi, ko ya kwashe 'ya'yansa ya kuma kira 'yan sanda. Aka kori Riskuwa a taron safe, a kan dandamalin da aka ba ta bokiti. Malam Hodi ya yi jawabi mai sosa zuciya, ya ce shi adalci ba ya duba dangantaka, ko 'yar cikinsa ce haka zai yi. Wasu malamai mata har da share hawaye. Washegari aka sa ta a motar Argungu, hanyar komawa Gulma, da ƙullin kayanta. Bokitin dai an riƙe shi, don a cewar Malama Asiya na gida ne.

Ummi ba ta gaya mini gaskiya ba sai da aka ba da hutu aka raba sakamako, don tsoron kada ta faɗi darasin tarbiyya. Ranar na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba. Na tafi gidan shugaban makaranta. Ya ce yarinya ta amsa da bakinta gaban shaidu, shi kuma ba zai ƙaryata ɗalibar da makaranta da kanta ta ba kyautar gaskiya ba. Na dawo wurin Malam Hodi. Bai ma musanta ba. Ya ce in auna da hankali: Musaddiq likita zai zama, tabo irin wannan zai bi shi har jami'a, ita kuwa mace ce, ko ta yi karatu ko ba ta yi ba ɗaki za ta shiga. Malama Asiya ta leƙo ta ce ni dai ban san halin da suke ciki ba, tun da yarinyar nan ta tafi kaya ke ta fashewa a gidan babu mai amsawa, tarbiyyar Musaddiq tana neman lalacewa. Amma sun aika garin Ambursa, akwai wata 'yar ɗan uwanta da za a kawo.

Na ce to saura mutum ɗaya da ya kamata ya ji. Ranar wata Juma'a na rufe keke na hau motar Argungu. Direba ya kunna rediyo, sai ga muryar maƙwabcina tana cika motar, yana cewa malami uba ne na biyu, iyaye su miƙa 'ya'yansu su kwantar da hankali. Wani fasinja ya ce Allah ya ƙara mana irinsu, mota ta amsa da amin. Daga Argungu na hau babur zuwa Gulma. A shekarar gulbi ya yi ambaliya, fadama duk ta zama ruwa, sai kan bishiyoyi kake gani.

Baiwa, uwar Riskuwa, ta tarbe ni da ruwa a kwanon sha. Ta ce labari ya riga yarinyar isowa gari. Mata sun hana 'ya'yansu zuwa kusa da ita, in ta bi ta lungu sai a janye ƙananan yara a shige gida. Ita kuma ko bakin gulbi ba ta zuwa sai an aike ta. Baiwa ta ce ɗan'uwanta malami ne, ba zai yi wa 'yarta ƙarya ba, amma ita wannan da aka dawo mata da ita ba ta gane ta ba.

Muka sami Ummaru a kan tudun da ke bakin gonarsa. Gona dai babu, ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, nan da can kan shinkafa na leƙowa. Riskuwa ta kawo masa fura, tana tsaye nesa kaɗan kanta a ƙasa. Na zauna na gaya masa komai, tun daga filas har Argungu. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya girgiza kai.

"Hajiya, na gode da tahowa. Amma ni nit tambaye ta, ba sau guda ba. Da bakinta tac ce ita ta."

Na ce ya sake tambaya. Ya kira ta, ta matso.

"Riskuwa, ga Hajiya nan, babu mai bugun ki. Hwaɗa min tsakaninki da Allah, ke kit tura ɗiyar mutane ruwa?"

Ta durƙusa. "Ni ce, a gafarce ni."

Ya dube ni, irin kallon da ke cewa kin ji ko. Na riƙe kafaɗarta na roƙe ta, na ce Ummi ta gani, kawunta Malam ba ya nan, makaranta ma an riga an rasa, sunanta kawai ya rage ta karɓa. Ba ta ɗago ba. Idonta a bushe yake, ko alamar hawaye babu.

Ummaru ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ban san abin da ya gani ba, wataƙila yadda gwiwoyinta suka yi baƙi suka yi kanta, wataƙila saurin da ta yi wajen zubewa. Sai ya juya ya nuna ruwan da ya cinye masa noman shekara, ya yi tambayar a hankali.

"Riskuwa, wa yas sako ruwan ga cikin gonata?"

"Ni ce, Baba, a gafarce ni."

Kwanon fura ya suɓuce daga hannunsa. Baiwa ta toshe baki da mayafi. Ummaru ya sauko daga inda yake zaune ya zube a cikin laka gaban 'yarsa, babban mutum da furfura a gemu, ya kama hannuwanta biyu yana kuka yana cewa ta tashi, ba ita ba ta, ba ita ba ta, shi ne ya kai ta da hannunsa. Ya yi ta ɗaga ta tana komawa.

Ta dubi furar da ta zube a ƙasa, ta dubi ubanta yana kuka, ta gyara durƙusonta ta ce ita ce.